Neman shawara: mai girkin da za ta ɗauki walimar mutum 120 a Kano

Gwaggon Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. 'Yar yayana ta sauke Alƙur'ani, za mu yi mata walima nan da mako uku, ranar Asabar bayan la'asar, a gida wajen Hotoro. Ba wani babban taro ba ne, tabarmi za a shimfiɗa a tsakar gida, maza kuma a ƙofar gida. Mun ƙiyasta mutum 120, da dangi da maƙwabta da 'yan ajinsu. Matan gidan ba za su iya haɗa girki da karɓar baƙi ba, shi ya sa muke son a ba wa mai girki. A ina ake samun ta kirki wadda ba za ta raina ƙaramin aiki ba? Mu yi cefane mu kai mata, ko mu bar mata komai? Kuma da wannan zafin da ake yi, me ya kamata a dafa?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka, ya ba ta ikon aiki da shi. Gwaggo, kafin ki nemi kowa ki gyara lissafinki. Walimar gida ba ta da ƙofa. In kun ce 120, to a dafa na 150, domin 'yan ajinsu za su zo da ƙannensu, maƙwabciya za ta zo da baƙuwarta, ga malaman makarantar da dole a ware musu nasu, ga tsofaffin dangi da ba za su iya zuwa ba sai an aika musu. Waɗannan na aikawa ki rubuta su daban tun yanzu, gida gida, kada ranar a dinga ɗiba daga na baƙi.

Batun nema kuwa, ki fara da unguwarku. Ki tuna suna ko biki na kusa da kika ci abincin ya yi miki, ki tambayi matar gidan wa ta yi. Kada ki tsaya a "ya yi daɗi?" Ki tambaye ta: ƙarfe nawa aka ce za a kawo, ƙarfe nawa ya iso? Naman ya kai adadin da aka yi magana? Ta dawo neman ƙarin kuɗi ana gobe taro? Amsar waɗannan ukun ita ce shaidar mai girki. Matan Islamiyya ma suna da masaniya sosai, don duk shekara suna ganin walimar sauka, sun san wadda ta saba da irin wannan.

Kusanci yana da muhimmanci. Mai girkin da ke Hotoro ko Tarauni ko Unguwa Uku ta fi miki wadda ke Rijiyar Lemo ko Kabuga, ko da waccan ta fi suna. Abinci a adaidaita sahu cikin cunkoson yamma, miya tana tangaɗi, shinkafa tana gumi, ba ya isowa yadda ya bar murhu.

Mai Girkin Biki:
Amin. Hajiya, masu wannan sana'a iri uku ne, ki san wadda kike nema.

Akwai masu girkin biki na unguwa, waɗanda ke zuwa gidanka da manyan tukwanensu da muciyoyi da mataimaka biyu ko uku, kai ka yi cefane, ka biya su kuɗin aiki. Akwai masu girki a gidajensu, su kawo a kula ko a robar tekawe, a yi ciniki a kan kowace roba ko kowace kula. Sai manyan masu harkar abinci da ke zuwa da tebura da ma'aikata masu yunifom da kwanonin da ake kunna wuta a ƙarƙashinsu. Na ukun nan ba naku ba ne. Rabin kuɗin da za ki ba su na kayan ado ne da ma'aikata, kuma in ranar suna da ɗaurin aure babba, aikinki yara za a bar wa.

Tsakanin na farko da na biyu, wurinku ne zai yanke hukunci. Girkin mutum 150 yana son murhu uku aƙalla: na shinkafa, na tafasa da suya, na miya ko ruwan zafi. Yana son ruwa mai yawa, da inda za a zubar da na wanke-wanke, da inda hayaƙi zai fita. Kin ce a tsakar gidan za a zauna. In babu kango ko gidan maƙwabta da za a ara, to ki bar ta ta dafa a gidanta ta kawo.

Ga ma'aunin da za ki riƙe don kada a cuce ki, ke ma kada ki matse mai aiki. Kilo 1 na ɗanyar shinkafa yana cika roba 7 zuwa 8 ta matsakaicin zubi. Mutum 150 kenan kilo 19 zuwa 22, wato rabin babban buhu, kilo 25, ya isa har da na aikawa. Ki yi maganar da kilo ko da buhu, kada ki yi da kwano kawai, don kwanon wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba, mudun Kaduna kuma daban yake da kwanon Kano. Man girki wajen lita 5 a dafa-dukan rabin buhu, ban da na suya. Kazar gidan gona babba ana yanka ta gida 8, kenan kaji 19, ki ce 20. Kazar Hausa ba ta kai haka, gida 4 zuwa 6 ce, kuma tana cin wuta kafin ta yi laushi. In naman sa ne, tsoka zalla kilo 1 tana ba da yanka kamar 20 matsakaita, in za a sa biyu-biyu kina neman kilo 15. Ki tuna nama yana tsukewa in an tafasa an soya, yankan da ya yi miki kyau ɗanye zai koma ƙarami a roba.

Baban Gida:
Ni ina ganin ku yi cefanenku da kanku. Shinkafa da mai da magi da tumatirin gwangwani a kasuwar Singa, kayan miya a kasuwar 'Yankaba da sassafe, nama a abbatuwa. Ka san abin da ka saya, ka san man da aka soya maka kaza da shi. In aka bar wa mai girki komai, inda za ta rage don ta ci riba shi ne nama da mai, kuma ba za ka gani ba sai an buɗe roba.

Mai Girkin Biki:
Yallaɓai, maganarka tana kan hanya, amma akwai inda take kawo rigima. In mai taro ya yi cefane, duk abin da ya lalace babu mai laifi. Shinkafa ta caɓe, mai girki ta ce sabuwar shinkafa aka kawo mata mai saurin shan ruwa. Dafa-duka ta yi fari, ta ce tattasai bai isa ba. Ranar girki kuma a dinga kira, babu kori, babu citta, icce ya ƙare, a tashi yaro ya tafi kasuwa ana jiran sa.

Abin da ya fi zama lafiya shi ne a raba. Ku sayi abubuwa uku masu tsada da ake iya ƙirgawa: shinkafa, mai, da kaji ko nama. Ku tambaye ta irin shinkafar da hannunta ya saba da ita ku sayo wannan ɗin, don ta san ruwan da take sha. Kayan miya, kayan ƙamshi, icce ko gas, roba, cokali da leda ku bar mata ta saka a kuɗinta. Kajin kuma a yanka a ƙirga a gaban wani naku, a rubuta adadin yankan. Kai, ƙafa, wuya da kayan ciki a faɗa tun farko na waye, don a nan ake yawan ɓatawa.

Uwar Biyu:
Na goyi bayan rabawar. In kuma Gwaggo ba ta da mai zirga-zirgar kasuwa, ta yi cinikin roba-roba, amma ta sa a yi mata roba ɗaya ta gwaji ta biya kuɗinta. Ba ɗanɗano kaɗai za ta duba ba. Ta ga girman robar, ta ga inda shinkafar ta tsaya a ciki, ta ga girman naman, ta ɗauki hoto ta tura wa mai girkin ta ce irin wannan muka yi ciniki. Robobin nan girma-girma ne, da ido a waya ba a bambance su.

Sai dai a sani, girkin roba ɗaya ba shi ne girkin rabin buhu ba. Mace za ta iya tukunyar gida ta kasa ta biki, ƙasa ta kama, sama bai nuna ba. Ki tambaye ta ranar da take da wani aiki kafin naku, ki je ki gani da idonki.

Ma'aikaciyar Lafiya:
Allah ya sanya alheri. Ni ɓangaren zafin nan zan yi magana a kai, don shi ne ya fi damuna. A watannin bazara Kano tana kaiwa digiri 40 da rana. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, in za a jinkirta a riƙe shi da zafinsa sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe ƙwanta. In shinkafar ta huce ta zauna ɗumi-ɗumi, sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kawar da gubar. Shi ne za ka ji bayan taro yara suna amai, alhali abincin ko wari bai yi ba.

Don haka tambayar da za ki yi wa mai girki ita ce ƙarfe nawa za ta sauke, ba ƙarfe nawa za ta kawo kaɗai ba. In za a ci da ƙarfe 5, shinkafa ta sauka wajen 2 da rabi zuwa 3. Mai ayyuka uku a rana ɗaya za ta dafa naki da hantsi ta rufe a kula, kuma ba za ta faɗa miki ba sai kin tambaya kai tsaye: aiki nawa gare ki ranar?

Abubuwan da zan ce ki kauce musu a wannan yanayi: soyayyiyar shinkafa mai hanta da koren wake da fis, tana riga dafa-duka lalacewa nesa ba kusa ba. Haɗin kabeji mai mayonis, musamman in an zuba shi cikin roba ɗaya da shinkafa mai zafi, kafin a raba ya saki ruwa ya yi tsami. Alala ma ba ta jure zafi, tana fara yauƙi. Kunun aya in babu ƙanƙara sosai 'yan awoyi kaɗan yake yi ya juya. In dole sai an yi kabeji, a yanka shi a ajiye a sanyi babu gishiri babu mayonis, a haɗa lokacin rabo, a sa a 'yar robarsa daban.

In kin je gidan mai girkin, ki duba ruwan da take aiki da shi, daga ina yake, a me ake ajiye shi. Ki duba ko katakon da ake yanka ɗanyar kaza a kai shi ake yanka kabeji da albasa. Ki ga ko akwai sabulu da wurin wanke hannu kusa da masu zubi, ko kwata tana kusa da murhu. Zoɓo kuma ki tambayi ruwan da ake ƙara masa bayan an tace da ƙanƙarar da ake jefawa ciki, don tafasar farko ba ta kare abin da aka zuba daga baya.

Gwaggon Yara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To Anti mai girki, iyayenmu sun fi son waina da miyar taushe a kan shinkafa. Za a iya yi wa kowa waina? Sannan kula ta fi ko roba?

Mai Girkin Biki:
Waina ga mutum 150 aiki ne babba, bari in nuna miki da lissafi. In kowa zai ci 4, waina 600 kenan. A ce tanda mai gida 12, kowane zubi da juyawa minti 5, zubi 50 kenan, sama da awa 4 ana suya ba tsayawa. Kafin a gama, ta farko ta huce ta yi tauri. Sai an sa tanda biyu ko uku da masu suya daban, kuɗin aiki ya ƙaru. Ga ƙullin, a zafin nan yana saurin tashi, in ya wuce lokacinsa ya yi tsami ya dinga shan mai.

Shawarata, dafa-duka da kaza ga kowa, waina ta mutum 40 ga iyaye da malamai. Kuma ki ba wa mai waina ta unguwa wadda kullum ita ce sana'arta, ba mai shinkafar ba. Ba kowace gwanar shinkafa ce ta iya waina ba, da yawa karɓa suke su ba wa wata su ɗora riba. Miyar a kawo ta a kularta daban, kada a zuba a kan wainar sai an zo ci. In kina son abin gargajiya da ke jure jira, dambun shinkafa da zogale ko funkaso sun fi waina haƙuri.

Kula ko roba: yara da 'yan aji da na aikawa a yi musu roba, ta fi saurin rabo kuma babu wanke-wanke. Amma kada a rufe ta shinkafa na tururi, gumin ne ke taruwa a murfi ya koma ciki ya jiƙa ta. A zuba, a bar ta ta sha iska 'yan mintuna, a rufe, a jera a babbar kula ko kwali, a raba cikin awa ɗaya zuwa biyu. Iyaye mata da maza manya a zuba musu a faranti ko tire daga kula, ya fi mutunci. Kular a ɗauraye ta da ruwan zafi kafin zubi, a cika ta taf, don rabin kula ba ya riƙe zafi. Kaza kuma kada a tura ta cikin shinkafa a kula, tana yin laushi ta farfashe, a ƙarshe ba za a iya ƙirga ta ba.

Yayan Amarya:
Ni batun kuɗi zan ƙara. Kafin alƙalami dole ne, don da shi za ta yi cefane, amma kada ya wuce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Ragowar sai kaya sun iso an ƙirga. In ku kuka sayi shinkafa da kaji, rabin kuɗin aikin ya isa. A tura ta banki don a sami shaida, kuma sunan asusun ya zama nata.

Duk abin da aka yi magana a rubuta a saƙo ɗaya a WhatsApp, ta amsa da "na yarda". A sa rana da kwanan wata, adadin roba da kula, abin da ke cikin kowace roba, lokacin sauke girki da lokacin isowa, wa zai biya kuɗin mota, cokali da leda na wa, kulolin nata ne ko haya, yaushe za a mayar, in ɗaya ta fashe ko ta ɓata yaya za a yi. A sa kuma cewa farashin ya tsaya, ko kuma in kayan miya sun tashi kafin ranar, wa zai ɗauki bambancin. Tumatir da attaruhu suna iya canza kuɗi cikin mako uku, gara a yi maganar yau. Ba rashin yarda ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi take, kuma rubutun yana kare ita mai girkin daga mai taron da zai ƙara mutum 30 ana jibi ya ce a kuɗin farko.

Masu talla a Instagram da Facebook akwai na ƙwarai da yawa, amma hoto ba shaida ba ne, ana ɗauko na wasu. Wadda ta ƙi faɗin unguwarta, ta ƙi a zo a ga wurin girkinta, ta ce sai an biya duka, a bar ta. Ki nemi lambar mutum biyu da ta yi wa aiki kwanan nan ki kira su.

Baban Gida:
A duba kalanda kuma. In Asabar ɗin ta ƙarshen wata ce, akwai tsaftar muhalli a Kano, ba a zirga-zirga da safe sai ƙarfe 10. Cefanen kayan miya da yankan kaji sai a gama su ranar Juma'a, ita ma a kammala kafin a tare hanyoyin masallatai. Kajin da aka yanka Juma'a kada a dogara da firiza da wutar nan tamu, a tafasa su a soya sama-sama a daren, ko a binne su cikin ƙanƙara.

Ruwan sha kada ku saka shi a cinikin mai girki, ku saya da kanku. Jakar fiyawata 20 ce a ciki, da zafin nan ku lissafa 3 ga kowane mutum, jaka 22 zuwa 23 kenan. A kama ƙanƙara tun ana jibi a biya, don ranar Asabar ta bazara masu biki sun riga ku. A zuba ruwan da lemon a baho ko durom da ƙanƙara tun azahar, a rufe da buhu.

Uwar Biyu:
Saura rabo, kuma a nan ne abincin da ya isa yake kasa isa. Mai girki ta kawo 150 cif, amma aka ajiye a ɗakin da kowa ke shiga, wannan ta ɗauki uku na yaranta, waccan ta ɓoye biyar na gidansu, kafin a kai na maza an ce ya ƙare. Ki zaɓi mace ɗaya mai ido da baki, wadda ba ta jin nauyin cewa a'a, ki ba ta ɗakin da makullinsa. Ita za ta karɓi kaya, ta ƙirga a gaban wanda ya kawo, ta buɗe roba huɗu ko biyar daga wurare daban ta duba. Na malamai da na maza su fara fita, sai na aikawa, sai mata, sai yara a zaunar da su layi a miƙa musu a hannu. Ta ajiye roba 15 a gefe har magariba saboda masu zuwa a makare, in sun rage a ba almajirai tun da sauran zafinsu, kada a kwana da su.

Ki tambayi mai girkin ko za ta turo masu zubi. In a kula za ta kawo, mutum biyu nata da suka san ma'aunin ludayinta sun fi 'yan gida, don ɗan gida hannunsa a sake yake, kular mutum 50 sai ta ƙare a 35.

Gwaggon Yara:
Madalla. Na sami mata biyu ta hanyar malamar su yarinyar, duk a kusa suke. Ɗaya ta fi sauƙin kuɗi amma tana da wani aikin suna da safe ranar. Ɗayar ta fi tsada kaɗan, mu kaɗai gare ta. Wacce zan ɗauka? Kuma ƙarfe nawa zan ce a kawo?

Mai Girkin Biki:
Ki ɗauki wadda ba ta da wani aiki, in robar gwajinta ta yi miki kuma kin ga wurinta. Mai aikin safe tukwanenta da kulolinta suna can gidan suna, sai sun dawo an wanke kafin a ɗora naki, ko kuma ta haɗa girkin biyu da asuba, naki ya zauna tun safe. Bambancin kuɗin bai kai wannan kasadar ba.

Ki ce mata ƙarfe 3 da rabi kaya su kasance a gidanku, a sauke shinkafa ƙarfe 2 da rabi. Hakan ya ba da sararin ƙirga da jerawa kafin a idar da la'asar, in ma an sami jinkirin rabin awa ba za a ji ba. Mai waina ki ce mata ƙarfe 4. Ranar Alhamis ki kira ki tabbatar da adadin ƙarshe, ki karɓi lambar mai adaidaitan da zai kawo, ki tura masa kwatancen gidan tun da safe, kuma ki sa yaro ya tsaya a bakin titi ya shigo da shi.